Me ya sa MTJ na CoFeB/MgO ke lalacewa idan aka gasa shi a 400°C?

Ɗalibin_Fizik:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan MTJ ce, wato ƙwayar ma'adanar MRAM (ma'adanar kwamfuta mai ajiye bayanai da maganaɗisu), mai shimfiɗun maganaɗisu biyu da siririn shinge a tsakaninsu. Jerin shimfiɗun daga ƙasa shi ne Ta (ƙarfen tantalam) mai kaurin nanomita (nm) 5, CoFeB (haɗin kobalt, ƙarfe da boron mai maganaɗisu) 1.3 nm, MgO (magnesiyam oksaid, wato shingen) 1 nm, sai CoFeB da Ta a sama. Idan aka gasa a 300°C maganaɗisun yana tsaye cak a kan fuskar shimfiɗar, TMR (bambancin turjiyar lantarki tsakanin lokacin da maganaɗisun shimfiɗun biyu ke fuskantar gefe ɗaya da lokacin da suka saɓa) ya haura. Da zafi ya kai 400°C sai maganaɗisun ya kwanta, TMR ya zube. Ga shi kuma 400 ɗin ake buƙata wajen haɗa shi da CMOS, wato transistocin da ke cikin guntun lantarkin. Ina matsalar take?

Malamar_Lab:
Wa alaikumus salam. Fara zargin tantalam. Lokacin da aka fesa CoFeB, atam ɗinsa a warwatse suke, babu tsarin kiristal. Gasawa ce ke sa boron ya fice ya shige cikin Ta, CoFe da ya rage kuma ya bi sahun tsarin MgO. Wannan dacewar ce ke sa MgO ya tace ilektron bisa juyinsu (spin), kuma ita ta ba da babban TMR da ƙungiyar Parkin a IBM da ta Yuasa a Japan suka nuna a 2004. Har nan Ta alheri yake yi.

Amma da zafi ya wuce kima, shi kansa Ta sai ya fara tafiya. Yana ratsa CoFeB har ya isa bakin MgO, wato inda CoFeB da MgO suka haɗu, ya ɓata haɗin ƙarfe da oksijin, wanda shi ne ke riƙe maganaɗisun a tsaye. Sauya Ta da W (tungsten) ko Mo (molibdenam), sun fi jure zafi. In da hali, sa MgO sama da ƙasan CoFeB, ka raba CoFeB biyu da siririn W kamar 0.3 nm. Baki biyu sun fi ɗaya riƙo.

Injiniya_Spin:
Gaskiya ne Malama, sai dai ƙanena ka duba kauri ma. Ƙarfin tsayuwar daga baki yake fitowa, saboda haka tazarar kaurin CoFeB da ke aiki ƙarama ce ƙwarai. Ƙungiyar Ohno a Jami'ar Tohoku 1.3 nm ta yi amfani da shi a 2010, kuma da an zarce kusan 1.5 nm sai ya kwanta. Fesa samfura masu kauri daban-daban, auna su da VSM (na'urar auna maganaɗisu) kafin gasawa da bayanta, ka zana ƙarfin maganaɗisu a kan kauri. Inda layin ya yanki sifili, nan ne kaurin matacciyar shimfiɗa, wato ɓangaren CoFeB da ya rasa maganaɗisunsa. In ta ƙaru bayan 400°C, Ta ya cakuɗa ke nan.

Ɗalibin_Fizik:
Na gode. To idan turjiyar ma ta faɗi tare da TMR fa?

Malamar_Lab:
Wannan kuma wata cuta ce daban, wutar lantarki ta samu gajeriyar hanya. Ko dai MgO ya yi huji saboda ƙasan da aka ɗora shi bai yi sumul ba, ko kuma ƙarfen da aka kankare da harbin ayon wajen yanka shimfiɗar ta zama ƙananan ginshiƙai ya koma ya manne a gefen ginshiƙin ya haɗe sama da ƙasa. Raba su da sauƙi: auna shimfiɗar da CIPT (na'urar auna TMR a kan cikakkiyar shimfiɗa) kafin a yanka ta. In TMR lafiya lau a can, laifin yanka ne. Sai ka karkata harbin a zagaye na ƙarshe ya share gefen, ka lulluɓe ginshiƙin da SiN (silikon naitiraid) tun kafin iska ta taɓa shi, domin danshi na cin MgO.