Neman kalma: me za mu ce da "restoration" a Hausa? (maganar tsohuwar motar MG a Magazin, unguwar gareji ta Suame a Kumasi)

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Hausa a baki ku taimaka min da kalma ɗaya. Abin da Bature ke ce ma restoration a aikin mota, mu me za mu ce mishi? Kar wani ya ce min gyara, gyara shi muke yi kullum a Magazin kuma ba shi nake nufi ba.

Ga dalilin tambayan. An kawo mana motar MG samfurin MGB ta 1966, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, kujera biyu, sitiyari a dama domin ta shigo nan Ghana tun ana bin hannun hagu a titi, kafin a juya a watan Agusta 1974. Ta mahaifin wani Alhaji ce, ta daɗe a ajiye. Alhaji ya ce ku gyara min ita, yaran gareji suna jin gyara sai kowa ya fara lissafin a sauke injin a ɗora na Toyota a sa famfon mai na zamani a watsa fenti a miƙa mishi makulli, kuma wlh ba su yi laifi ba domin haka kalman take nufi a wurinmu. Da na zauna da shi ne na gane shi so yake ya murɗa makulli ya ji ƙaran da yake ji yana yaro a gefen babansa. Aiki biyu ne daban, kuɗinsu daban, amma suna ɗaya muke kiransu.

Bakano a Kumasi:
Wa alaikumus salam. Garambawul mana, ai muna da ita tuntuni.

Masta na Suame:
Ɗana sannu da ƙoƙari, tambayan ka mai kyau ne. Amma Bakano garambawul bai kai ba. Garambawul kalman mu ne na gareji kafin 'yan siyasa su ɗauka suna garambawul ɗin ministoci, kuma abin da muke nufi da shi sananne ne: ka sauke inji, ka buɗe kai, ka zare fistin, ka auna silinda, in ta ci ka kai a rarake ta a sa fistin mai girma kaɗan, karanshaf a kai a wanke shi a sa metal (ƙarfen da yake juyawa a kai) daidai shi, sabon ring sabon gasket ka ɗaure. Wannan zan iya yi ma tasi da safe in yi ma trotro (ƙaramar bas ta haya) da yamma, kuma ba ruwana da ko kayan da na sa irin na kamfani ne ko ba shi ba muddin ya zauna ya yi aiki. Motan da kake magana za a yi ma injinta garambawul, eh, amma garambawul ɗin ɗaki ɗaya ne a cikin gidan.

Ɗan Nima:
Toh a ce tayar da komaɗa? ko kwaskwarima

Masta na Suame:
Komaɗa na masu bugun bodi ne, ka bar musu kayansu. Kwaskwarima kuma shi ne ma abin da muke gudu, fenti a sama tsatsa a ƙasa.

Malam na Asawase:
Assalamu alaikum. Ni ba ma'abocin gareji ba ne amma ina ganin kalmar "raya" ta dace. Muna cewa raya sunna, raya al'ada, a fiƙihu ma akwai babin raya matacciyar ƙasa, wato wurin da aka bari ya mutu wani ya zo ya dawo da amfaninsa. Motar da ta shekara da shekaru a kwance ai matacciya ce, wanda ya tashe ta ya raya ta. Kalma ce gajeriya kuma tana da daraja a kunnen Bahaushe.

Ɗan Aboabo:
Malam Allah ya ƙara ilimi, raya ta min daɗi sosai, amma bari in gwada ta a kan aikin mu gani ko za ta ɗauka.

Mu ɗauki hanyan mai kawai, daga tanki zuwa inji. Fetur in ya daɗe a tanki ba ya nan yadda yake, mai sauƙin ciki ya tashi ya bar wani abu ja mai danƙo mai wari, ga raɓa tana taruwa a cikin tankin da ba a cika ba tana cin ƙarfen, kuma irin wannan mota an san ta da tsatsa a saman tanki inda ya manne da ƙasan but, wurin da ido ba ya kaiwa sai ka sauke shi. Daga nan sai famfo. Nata na lantarki ne na kamfanin SU, yana can baya kusa da batir, in ka murɗa makulli za ka ji yana tik tik tik da sauri sannan ya rage ya yi shiru in kofunan kafireta sun cika. A cikinsa akwai kwantak, in mota ta kwana biyu ba aiki sai ya yi datti ya ƙi bugawa, goge shi ake yi ko a canja shi da robar ciki. Sai kafireta guda biyu, su ma SU, kowanne yana ciyar da silinda biyu. Ba irin wanda yaranmu suka saba gani ba ne, wannan yana da fistin a cikin wata ƙararrawa a sama, iskan da inji ke zuƙa shi ke ɗaga fistin ɗin, jikinsa kuma akwai allura mai tsini da ke shiga cikin ramin jet, in ta ɗagu rami ya ƙara faɗi mai ya ƙaru. Har man inji ake ɗiga mishi a ka domin kar fistin ya yi tsalle lokaci ɗaya in an taka totur. Kuma dole bakin su biyun ya zo ɗaya, tsofaffi da guntun tiyo suke yi, su kara a kunne su saurari zuƙan wannan su saurari na wancan har su daidaita.

Yanzu Malam, in na cire duk wannan na sa tankin wata mota da famfon kasuwa da kafireta ɗaya na wani inji, motan ta tashi tana yawo a kasuwan Kejetia, na raya ta ko ban raya ta ba? Na raya ta. Amma ba ita ba ce kuma. Nan ne raya ta gaza min.

Malam na Asawase:
Na fahimta. Ke nan sharaɗin shi ne ta koma yadda aka ƙera ta, ba ta rayu kawai ba. To kalmar tana buƙatar "asali" a cikinta.

Masta na Suame:
Kuma famfon kasuwan nan ku yi hankali da shi ko da ba maganan suna ake ba. SU ƙarfin turi kaɗan yake so. Ka sa mishi famfo mai ƙarfi sai ya fi ƙarfin allura da fulot ɗin cikin kofi, mai ya yi ta ambaliya, kuma a wannan inji kafireta a saman bututun hayaƙi suke zaune gefe ɗaya. Fetur a kan ƙarfe mai zafi kun san sauran.

Yaron gareji:
Masta dan Allah tunda ana maganan suna, cok fa? wani ya ce min a Hausa mashaƙi ne

Masta na Suame:
A wasu motoci ya yi daidai domin wani faranti ne ke rufe bakin kafireta ya shaƙe iska mai ya yi yawa inji ya tashi da sanyi. Amma je ka leƙa na MG ɗin gobe, ka ce wani ya ja maka cok kana kallo ta ƙasa. Ba abin da ke rufe iska. Jet ɗin ne ke sauka ƙasa ya bar allura, rami ya buɗe, sannan ya ɗan taɓa totur. In ka koya ma kanka mashaƙi za ka je kana neman abin da babu shi. Ka bar shi cok, kowa ya sani.

Ɗan Nima:
Ni fa da nake karanta bayanin Ɗan Aboabo abin da ya faɗo min sankofa ne. Asantawa sun riga sun gama maganan da wannan kalman nasu, ma'ananshi koma ka ɗauko. Muna zaune da su muna cin kasuwa ɗaya me zai hana mu ara, ba mun ari kafireta da fulogi wurin Bature ba?

Bakano a Kumasi:
A nan zai yi, kowa a Kumasi ya san tsuntsun nan mai waiwaye, alaman sankofa. Amma ka tura wa bakanike a Kano ko Zinder ko Agadas ka ce ka yi wa mota sankofa, sai ka sake yin wani bayanin. Kafireta abu ne da ya zo da sunansa, ba mu da shi a da. Shi kuwa mayar da abu yadda yake ai muna da bakin faɗinsa.

Hajiya mai sifiya, Abossey Okai:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni abin ya shafi cinikina kai tsaye. In fita ya kira ni ya ce Hajiya garambawul zan yi, na san duk abin da ya shiga ya zauna shi yake so kuma mai sauƙin kuɗi. Amma akwai masu zuwa, ba su da yawa, da za su ce min "na asalinta nake so", to nan na san sai na nemi lamban inji da shekara in aika waje, kuma zai jira. Irin wannan MG ɗin an yi ta daga 1962 har 1980 a Abingdon can Ingila, kuma ba duka kayansu ɗaya ba, na farko farko metal uku ne ke riƙe da karanshaf daga baya aka mai da shi biyar, kafireta ma an canja samfuri a shekarun 1970, in ba ka faɗa min shekara ba sai kaya ya iso ya ƙi shiga ka ce Hajiya ta cuce ka. Abin da nake so in ce, mutane sun riga suna faɗin asali da bakinsu ba wanda ya koya musu. Ku ɗora a kan shi.

Malam na Asawase:
To ga shawara: maido-asali. An yi wa motar maido-asali, ko kuma an maido mata da asalinta. Hausa tana gina suna irin haka, kamar a-kori-kura da faɗi-ka-mutu, ba baƙon gini ba ne. Kuma maido ta ɗauke ma'anar da Ɗan Nima yake so, komawa a ɗauko.

Bakano a Kumasi:
Wannan ya zauna a baki. Tsofaffinmu da sai su ce maida-tsohuwa-yarinya, amma waccan ta fi karkata wajen ado.

Yaron gareji:
Ina da tambaya kuma. Na ji Masta yana cewa za a kai kan silinda a sa mishi sabon mazaunin bawul mai tauri. In an sa abin da kamfani bai sa ba har yanzu maido-asali ne?

Masta na Suame:
Yaro ka yi tambayan manya. Lokacin da aka ƙera injin nan fetur da dalma a ciki ake sayarwa, dalman nan tana kwanciya a mazaunin bawul na hayaƙi tana kare shi. An hana ta saboda guba ce ga mutane musamman yara, ba za ta dawo ba kuma gara haka. Kan injin nan zubin ƙarfe ne, mazaunin a jikinsa aka yanka, in ka yi ta gudu da shi a babban titi da man yanzu bawul zai riƙa nutsewa a hankali yana cin wurin zamansa har gibin tafet ya rufe bawul ya ƙone. Haka tiyon roba, na 1966 ko ka same shi a leda ba zan sa shi ba, roba tana tsufa ko ba ta yi aiki ba. A ganina ƙa'idan shi ne: inji nata, kafireta nata, famfo irin nata, yadda take shan mai da yadda take ƙara duk nata. Abin da ka ƙara domin ya kare wannan ɗin bai fitar da kai daga maido-asali ba. Abin da ka sa a madadinsa shi ne ya fitar da kai. Mazaunin bawul kariya ne. Injin Toyota madadi ne.

Ɗan Nima:
To in injin nata ya tsage gaba ɗaya ba dawowa fa?

Masta na Suame:
Ka nemo ɗan'uwansa. Inji ne mai 1798 cc na dangin da aka sa ma wasu Austin da Morris, an yi su da yawa, ba abin da ya ɓace daga duniya ba ne. Amma ka faɗa ma mai mota gaskiya cewa lamba ta canja, kar ka ɓoye.

Ɗan Aboabo:
Alhamdulillah, na gode ƙwarai Masta, Malam, Hajiya da kowa. Ni na karɓi maido-asali, shi zan rubuta a takardan aiki kuma shi zan faɗa ma Alhaji. Garambawul ya tsaya a kan inji, kwaskwarima a kan fenti, gyara a kan na kullum, cok kuma yana nan a cok. Hajiya zan turo lamban injin da hoton kafireta ɗin, kayan ɗaurin su biyu nake so da kwantak da robar famfo.

Masta na Suame:
Kafin ku jona batir ku kira ni. Ta 1966 batir biyu ne masu volt 6 a bayan kujera, kuma in ba wanda ya taɓa wayarinta a baya to fosit ne ke zuwa bodi ba negatif ba, yaran nan ba su taɓa ganin haka ba za su ɗaura yadda suka saba. Fulogi ma a cire a zuba man inji a ramukan a bari ya jiƙa, a juya injin da hannu tukuna kafin wani ya taɓa sitata.