Neman shawara: ƙanena yana so in zuba jarin shago a manhajar cinikin hannun jarin Amurka

Mai tambaya, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da kayan gyaran babur a nan Garwa. Ƙanena ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundare, yaro ne mai kaifin basira, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya haɗa wata manhaja da ke saye da sayarwa a kasuwar hannun jarin Amurka ba tare da mutum ya sa hannu ba. Ya ce akwai wani asusu mai suna TQQQ, idan hannun jarin manyan kamfanoni ɗari na kasuwar Nasdaq ta Amurka ya tashi kashi ɗaya, shi sai ya tashi kashi uku. Manhajar tana duba farashi kullum. In yana sama da matsakaicinsa na kwana 200 sai ta saya ta bi tashin, in ya gangaro ƙasa sai ta sayar ta koma TMF, asusun takardun bashin gwamnatin Amurka, shi ma ninki uku. Wannan na biyun shi yake kira garkuwa. Ya gwada ta a kan farashin baya tun daga 2010, ya nuna mini riba mai ban mamaki. Sefa miliyan uku yake nema. Ba kuɗin ajiya ba ne, da su nake sarin kaya. Don Allah wanda ya san harkar nan ya haska mini, barci ya fara gagara ta.

Ma'aikacin banki, Marwa:

Wa'alaikumussalam Alhaji. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, amma akwai kalma ɗaya da ta faɗi a hanya: ninki ukun nan na motsin rana ɗaya ne, ba na shekara ba. Ɗauki biro. Kasuwa tana 100, yau ta tashi kashi 10 ta zama 110, gobe ta sauka kashi 10 ta zama 99. Wanda ya sayi asusu na yau da kullum ya rasa ɗaya. Kai kuma mai ninki uku ka tashi zuwa 130, ka sauka kashi 30, ka dawo 91. Kasuwa kusan tana inda take, kai ka rasa tara. In aka yi wata biyu ana wannan hawa da sauka, kuɗinka na zagwanyewa ne a hankali, ga ladan kamfanin da ke riƙe da asusun, kusan kashi 1 cikin 100 a shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne garkuwar. A 2022 Nasdaq-100, wato ma'aunin farashin kamfanoni ɗarin nan, ta faɗi kusan kashi 33, TQQQ ya faɗi kusan kashi 79. To, ƙanenka zai ce ai manhajarsa ta fita tun farkon shekara. Ta fita zuwa ina? Zuwa TMF, wanda a wannan shekarar ya zubar da fiye da kashi 70. Dalili shi ne babban bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa daga watan Maris na 2022 don yaƙar tsadar kaya, kuma idan kuɗin ruwa ya hau, tsofaffin takardun bashi darajarsu faɗuwa take. Hannun jari da takardun bashi suka rufta tare. Mutane da yawa sun gina tsarinsu a kan cewa in ɗaya ya faɗi ɗayan zai tashi, saboda abin da suka saba gani ke nan shekara da shekaru. Aka gudu ba a tsira ba.

Sannan ka tambaye shi me ya sa gwajinsa ya fara daga 2010. Amsar ita ce a shekarar aka buɗe TQQQ, wato bai ga 2008 ba, bai ga 2000 zuwa 2002 ba, lokacin da Nasdaq-100 ta faɗi fiye da kashi 80.

Ɗan kasuwa, Kuseri:

Ni ban yarda a kashe wa yaro gwiwa ba. Bin tashin farashi ba tatsuniya ba ce, manyan kamfanonin zuba jari suna yi, kuma dokar kwana 200 takan fitar da mutum kafin faɗuwa mai tsawo ta gama da shi. Inda take cuta shi ne ranar da farashi ke ta yawo a bakin layin matsakaicin: ta sayar da araha yau, jibi ta sake saye da tsada. Haka kuma faɗuwar gaggawa irin ta Fabrairu zuwa Maris na 2020, da S&P 500, ma'aunin farashin manyan kamfanonin Amurka ɗari biyar, ta zube kusan kashi 34 cikin wata guda da 'yan kwanaki, kafin manhaja ta ce fita an riga an sha kashi. A bar shi ya koya, amma ba da jarin shago ba.

Malamin makaranta, Njamena:

Ba wanda ya taɓo maganar hanya. Kasuwar New York tana buɗewa ƙarfe biyu da rabi ko uku da rabi na rana agogonmu, ta rufe tara ko goma na dare. In manhajar a kan kwamfutarsa take, aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke daidai lokacin da ya kamata ta sayar fa? Kuma ta yaya kuɗin za su fita? Tun 2019 dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta ƙara tsauri, banki zai nemi takardu. In wani ya ce a tura masa ta waya shi zai saka muku, a tsaya nan. Ga kuma sefa ɗaure take da yuro, asusun kuwa da dala ne, to canji ma yana iya cin rabonsa.

Wani almajiri, Garwa:

Alhaji, kafin riba da asara akwai halal da haram. TMF gaba ɗayansa a kan bashi mai ruwa aka gina shi. Ninki ukun TQQQ kuma ba daga sama yake zuwa ba, yarjejeniya ce da bankuna wadda akwai kuɗin ruwa a cikinta. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ka kai wa malaminka bayanin yadda yake, kada ka ce masa hannun jari kawai. Akwai asusun da aka tace bisa shari'a, kamar SPUS da HLAL, kuma ba su da ninki.

Hajiya, Ngaundare:

Ɗana, ni tsorona zumunci. In miliyan ukun nan suka koma dubu ɗari shida, da wane ido za ku dubi juna ranar salla? Yaron zai ɗauki nauyin abin a ransa har tsufansa. Ka kira shi ka yaba masa, ka ce masa a'a da bakinka, kada ya ji a wajen wani.

Mai tambaya, Garwa:

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya na ji, kuma zan je wajen malam bayan Juma'a. Na karanta masa amsoshinku a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sake gwajin ya haɗa da shekarun da aka ambata. Kuɗin sari suna nan inda suke. Amma ba na so ya watsar da abin da ya iya. Me zan ce masa ya yi?

Ma'aikacin banki, Marwa:

Dillalai da yawa suna ba da asusun gwaji na kuɗin bogi a kan farashin gaske. Ya ɗora manhajar a kai na shekara guda, kuma kada ya taɓa dokokinta ko da ya ga tana asara, don gyara doka bayan an ga sakamako shi ne yake sa gwajin baya ya yi kyau fiye da kima. Ya riƙa cire ladan dillali da kuɗin canji a lissafi. Ya ƙirƙiro farashin ninki uku na 2000 zuwa 2002 daga alƙaluman Nasdaq-100, ya ga abin da manhajarsa za ta yi a ciki. Kowane ƙarshen wata ya turo maka lamba biyu: nawa aka samu, kuma daga ƙololuwa zuwa ƙasa nawa aka taɓa zubarwa. In yana so, ya shigo nan ya sa su mu duba tare.