Ina kuka dasa sensar kamshaf da kuka canza birenbos?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Fijo 504 ce a hannuna, mai ita yana so a cire kafireto a sa mata nozul. Birenbos ɗin Speeduino zan ɗaura, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar inji, kuma faifai mai haƙora 36-1, wato gurbin haƙora 36 da aka cire ɗaya, yana kan fulin karanshaf tuni. Saura sensar kamshaf. Waɗanda suka taɓa yi, a ina kuka dasa taku?

Rewaya na Kwakwaci: Wa alaikumus salam. Oga, kada ka huda injin mutane. Dilko mai raba wa fulogi wuta na nan, kuma tafiyarsa ɗaya da kamshaf. Ni na fitar da kwantak, mai walda ya ɗana min haƙori guda a jikin sandar, na zaunar da sensar a ciki. Daɗin abin, in wurin bai yi ba sai ka sassauta noti ka ɗan murɗa dilkon. Amma fa a ƙasan farantin da kwantak ke zama akwai ƙarafa biyu masu sifirin da ke buɗewa in inji ya ɗau wuta. A ɗaure su da walda, in ba haka ba haƙorin zai riƙa gaba yana baya duk lokacin da aka taka totur.

Injiniya Ɗan Gwale: Maganar Rewaya haka take. Karanshaf sai ya juya sau biyu, digiri 720, kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Aikin sensar nan kawai ta shaida wa birenbos a wane zagaye ake, lissafin tayimin kuwa na faifan karanshaf ne. Don haka ba sai ta faɗa daidai kan wani digiri ba, abin da ake so ta faɗa inda ba ruɗani. An taɓa kawo min wata mota da aka saita siginar kam dab da giɓin faifan, wurin da aka cire haƙori ɗaya. A tsaye lafiya lau take. Da an hau titin Zariya an sake totur, sai ta yi tari ta ɗauke wuta na ƙiftawar ido. Sarƙar tayimin ta saki, siginar tana faɗowa wani lokaci kafin giɓin, wani lokaci bayansa. A faifan 36-1 tsakanin haƙori da haƙori digiri 10 ne kacal, tsohuwar sarƙa da wasan giyar dilko sun isa su ci wani abu daga ciki. Na matsar da ita haƙora da yawa nesa da giɓin, na duba layukan siginar karanshaf da ta kam a TunerStudio, manhajar saita birenbos, inji na sanyi da kuma bayan ya yi zafi, shi ke nan ta daina.

Malam Na-Fagge: Ni dai ban ga dalilin wahalar ba. Silinda huɗu ce, a haɗa 1 da 4, 2 da 3, koyil ya ba su wuta tare. Tawa haka take tafiya ba sensar kam.

Baban Khalifa: Gaskiya ne Malam, amma mai motar ya riga ya sayo koyil huɗu a Ƙofar Ruwa, kowane fulogi da nasa, kuma yana so kowace nozul ta yi feshi a lokacinta.

Rewaya na Kwakwaci: To nemi mai waya uku, wato Hall. Mai waya biyu ƙarfin siginarta ya dogara da gudun haƙori, ga dilko rabin gudun inji yake yi. Da asubar hunturu batir ya yi sanyi, kik yana ja da ƙyar, ba abin da birenbos zai gani. Tazarar bakinta da haƙori kusan milimita ɗaya nake bari. Wayarta kuma mai rigar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa, wato nagetif, ta ɓangaren birenbos kaɗai, kada wayar ta bi ta kusa da koyil ko altaneta.

Injiniya Ɗan Gwale: Ranar tayarwa, Baban Khalifa, fara da tsarin Malam Na-Fagge, ka tabbatar da tayimin da fitilar tayimin. Sannan ka koma ɗaya-ɗaya. In ta ƙi tashi tana harbi ta salansa, zagayen ne ya juye da digiri 360, a kwamfuta za ka gyara, kada ka taɓa dilkon.