Me za mu kira "flash" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "zubi"

Jama'a, tun jiya muke ja-in-ja a kan abin da Turawa ke cewa "flash", wato aikin da ake yi wa katin memori kafin Raspberry Pi ta tashi. Wanda bai san ta ba, kwamfuta ce da komai nata ke kan falle ɗaya, girmanta kamar katin banki, ta fara fitowa a Ingila a 2012. Irin wadda aka fi sani ba ta zuwa da ma'ajiya a cikinta. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita galibi a kan katin take zama.

Mafi yawanku kun ce "kwafi". Wannan ita ce kalmar da na fi tsoro, domin ita ce za ta ɓatar da mai koyo. In ka ce masa ya kwafa, zai ja fayil ɗin nan mai ƙarewa da .img ya jefa cikin kati kamar waƙa, ya sa a kwamfuta, ya zauna yana kallon baƙin allo. Fayil ɗin kuwa faifai ne sukutum aka naɗe: da taswirar yadda aka yanka shi, da ƙaramin yanki na FAT32 inda kayan tashi suke, da babban yanki na ext4 inda sauran manhajar take (FAT32 da ext4 salo ne na jera fayiloli a faifai). Manhajoji irin su Raspberry Pi Imager ko balenaEtcher, ko umarnin dd ga masu Linux, suna shimfiɗa shi ne daga farkon kati, gurbi bayan gurbi, a kan duk abin da suka tarar.

Wani malami ya kawo "ƙona". Allah ya ƙara sani, Malam, amma wannan gadon zamanin CD ne, inda hasken lesa ke taɓa fuskar faifai da zafi. Kati cajin lantarki yake riƙewa. Kuma a bakin Bahaushe, na'urar da ta ƙone ta mutu ke nan. Wa zai yarda ya ƙona katinsa?

"Filashin" ba laifi, masu gyaran waya sun daɗe da ita. Sai dai ta riga ta ɗauki kaya biyu, har da kiran da ake katsewa kafin a ɗaga, kuma ba ta bayyana komai. Ko a wurin masu ita kwatance ne: Fujio Masuoka ya ƙirƙiro irin wannan ma'ajiya a kamfanin Toshiba a shekarun 1980, aka sa mata sunan "flash" saboda yadda ake goge abin da ke cikinta ya yi kama da walƙiyar kyamara.

To, me ya sa zubi? Ku dubi maƙeri mai zubi. Ba ya liƙa sabon ƙarfe a jikin tsoho. Narkarwa yake, tsohuwar siffa ta tafi gaba ɗaya, abin ya fito da siffar da aka tsara masa. Kalmar da kanta tana gargaɗi cewa abin da ke kan katin ba zai tsira ba, saboda haka a duba sau biyu kada a zaɓi wani faifan a maimakonsa. Kuma in aka katse zubi a tsakiya, sai a sake daga farko. Haka ma kati.

Wata 'yar'uwa ta ce ai muna cewa "zuba min waƙoƙi a memori", ba za a rikice ba? Tambaya ce mai nauyi, ta sa na kwana ina tunani. Amma kunne yana rarrabewa: ana zuba abu a kati, ana yi wa kati zubi. Na farko ƙari ne, na biyu sake halitta.

"Format" kuwa ba ta ba mu wahala ba: wanke kati, kamar wanke allo. Ba dole ba ne kafin zubi, tunda zubin zai bi ta kan komai. Bayan zubi ne ake taka-tsantsan, domin Windows ba ta gane ext4, tana iya cewa a wanke katin. Kada a amsa mata.

"Image", wato sunan fayil ɗin nan na .img a Turance, na ƙi "hoto", don babu abin kallo a ciki. Na sa "fayil ɗin zubi".

Ku gwada a baki ku ji: "Sauko da fayil ɗin zubi, ka yi wa katin zubi, ka jira manhajar ta gama tantancewa kafin ka zare." Wanda harshensa ya sarƙe a wani wuri, ya nuna min wurin.