Muhawara: sai da na'urar matsi ake cika kwalbar lemo mai gas, ko sanyi kaɗai ya isa?

Mai Gyaran Firji: Salamu alaikum 'yan zaure. Maganar da nake so a warware ita ce ta na'urar nan ta cika kwalba da matsin gas, wadda masu haɗa giyar gida a Amurka da Turai ke ƙera wa kansu, yanzu kuma masu zoɓo da lemon citta mai gas ke ta neman a haɗa musu irinta. Ni a ganina ɓarnar kuɗi ce. Sanyi ne ke riƙe gas a cikin ruwa. Ka sauko da sanyin tankin da lemon ke ciki zuwa digiri 1 ko 2 na ma'aunin Celsius, kwalaben ma su sha sanyi, ka rage regileta, wato abin daidaita matsin gas, zuwa psi 3 ko 4 (psi ma'aunin matsi ne), ka zura bututu har gindin kwalba, ka cika a hankali, ka rufe. Bawul uku (makunnan buɗewa da rufewa) da mahaɗa biyu da ke jikin na'urar duk ado ne.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Rabin maganarka gaskiya ce, Malam. Tun 1803 masanin kimiyya William Henry ya nuna cewa yawan gas ɗin da ke narkewa a ruwa yana bin matsin da ke kansa, zafi kuma yana rage shi. Idan CO2, gas ɗin da ake sa wa lemo, ne zalla a saman ruwa ba tare da ƙarin matsi ba, lita ɗaya tana riƙe kusan lita 1.7 na gas a digiri 0, ƙasa kaɗan da 0.9 a digiri 20, ƙasa da 0.7 a digiri 30. To ga inda gizo ke saƙa. Yawancin giya ana sa mata gas kusan ninki 2.5 na girman ruwanta, lemon kwalba kuwa 3.5 zuwa 4. A digiri 2 ruwa na riƙe wajen 1.6 da kansa. Ke nan a giya rarar da ke neman tsere ba ta kai ninki ɗaya ba, a lemo kuwa kusan ninki biyu ce ko fiye. Dabarar da ta yi wa mai giya daidai ba lallai ta yi wa mai zoɓo ba.

Mai Gyaran Firji: Amma ai rarar ba nan take take fita ba. Buɗe lemo mai sanyi ƙalau ka ajiye, zai yi mintuna yana da gas. Cika kwalba kuwa sakan 30 ne. Ka ɗan ƙara gas tun a tanki, abin da ya ɓata a hanya ya fita a ciki. In ma kumfa ta dame ka, sai ka sa toshiyar roba mai huda a jikin bututun, ka danna ta a bakin kwalba. Ruwa zai shiga kaɗan ya tsaya, sai ka matsa gefen robar da babban yatsa iska ta ɗan fita, ya ci gaba da hawa.

Injiniya: Maigida, ai ka shigo gidanmu ta ƙofar baya. Wannan toshiyar da kake dannawa ita ce matsin da muke magana a kai, yatsanka kuma shi ne bawul ɗin sakin iska. Abin da ka rasa biyu ne: ba ka kori iskar da ke cikin kwalba ba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na farko yana zuba ne kafin matsi ya taru, a nan kuwa kumfa ke tashi. Na'urar ba wani abin tsoro ba ce. Bututun sitenles mai kaurin inci 1/4, tsawonsa ya kai gindin kwalba ya bar rata kamar santimita ɗaya. A samansa mahaɗa mai baki uku: gefe ɗaya bawul na ruwa daga tanki, ɗaya gefen bawul na gas. A ƙasa da ita mahaɗa ta biyu, wadda siririn bututun ke ratsawa ta tsakiyarta. Daga ƙasan ta biyun ake ɗaura guntun bututu mai inci 3/8, kamar santimita 5, siririn yana cikinsa, toshiyar roba kuma a jikin guntun take zama. Ratar da ke tsakanin bututun biyu ita ce hanyar fitar iska, tana kaiwa ga bawul mai allura, wanda ake murɗawa ya buɗe kaɗan-kaɗan, a gefen mahaɗar. Wannan bawul na ukun kada a sa mai ƙwallo, domin shi daga rufe sai buɗe, ba ya karɓar gyara kaɗan-kaɗan.

Mai Walda: Ƙari a kan na Injiniya. Abin ɗaure bututu na saman mahaɗa ta biyu yana da ɗan tudu a ciki da ke tare bututu. Sai an bi shi da dirili mai inci 1/4 an share tudun kafin bututun ya wuce. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta duka da guduma har bututu ya lanƙwashe. Sannan kada arha ta ja ku ga kayan famfo na tagulla. Zoɓo yana da tsami sosai, ga gas ɗin ma tsami yake ƙara masa, zai riƙa cin tagulla yana kwaso jan ƙarfe, wani lokacin har da dalma, zuwa cikin abin sha. Duk inda ruwan zai taɓa a sa sitenles 304 ko robar da aka yi don abinci.

Hajiya Mai Zoɓo: Ku maza kuna ta ƙarfe da bawul, kun manta abin da ake zubawa. Ko wace na'ura ka kawo, in ba a tace da kyau ba kumfa ce za ta cika kwalba. Kowane ɗan tsaki na citta ko kanumfari wuri ne da gas ke taruwa ya tashi. Citta tana da sitaci, in an markaɗa an tace a barta ta kwana a firji, da safe za a ga fari-fari ya kwanta a gindi. A tsiyaye na sama a hankali, a sake tacewa da ƙyalle mai laushi ninki biyu, sannan a zuba a tanki. Kwalba kuma kada a cika ta a bushe. A ɗauraye da ruwan sanyi mai tsabta, a kife ta tsane, a cika tun tana da danshi.

Mai Gyaran Firji: Madalla, Hajiya. Kin ga ke ma kin nuna ba na'ura ce ke maganin kumfa ba.

Hajiya Mai Zoɓo: A'a, Malam, kada ka jawo ni ɓangarenka. Dabararka tana son firiza da ba ta hutawa. A ina za a samu wutar? Da rana a watan Afrilu kwalba ta fito daga ruwan ƙanƙara, kafin ka cika uku ta huɗun ta fara gumi ta saki sanyi. Na'urar tana yafe wa mutum digiri biyar ko shida, dabararka ba ta yafe ko biyu.

Injiniya: Ga yadda ake aiki da ita, don tsarin ne ke kayar da mutane. Layin gas ɗaya ake rabawa biyu, ɗaya zuwa tanki, ɗaya zuwa na'ura, don matsin ya zo daidai. Lemon da aka sa wa gas a digiri 4 a kan psi 22 zuwa 25, a nan za a bar regileta, ba a ragewa. Tiyon ruwa ya zama mai faɗin ciki inci 3/16, tsawon kamar mita 3, shi ma da sanyinsa. A danna toshiya a bakin kwalba. A buɗe gas, a buɗe bawul mai allura, a ƙirga biyar zuwa goma iskar ciki ta fita. A rufe allura, a jira har a daina jin shigar gas. A rufe gas, a buɗe ruwa. Ba abin da zai zubo, domin matsin tanki da na kwalba ɗaya ne, kuma haka ake so. Sai a murɗa allura kaɗan har a ji ɗan huci, ruwa zai fara hawa shiru ba kumfa. Da ya kai wuya a rufe ruwa, a bar allura ta sauke matsin a hankali har hucin ya mutu, sannan a cire a buga murfi nan take. Wanda ya cire na'ura bai rufe ruwa ba zai yi wanka da zoɓo. Wanda ya cire bai sauke matsi ba, rabin kwalbar zai bi shi waje. In ruwa ya ƙi hawa ko da an buɗe allura, a duba ko an manta gas a buɗe. In kuma ruwa na hawa tun ba a taɓa allura ba, toshiya ce ke yoyo.

Malamin Kimiyya: Korar iskar nan da Injiniya ya ambata ba ƙaramin abu ba ce. Masu giya suna yinta ne saboda iskar oksijin na sa giyarsu ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. A zoɓo launi take ci: jan nan mai haske sai ya koma ruwan ƙasa bayan wasu makonni, musamman in kwalba na shan rana. Shi ya sa ake so 'yar kumfa ta taso har baki kafin a buga murfi, ita ke ture ragowar iskar da ke wuya.

Mai Gyaran Firji: Wa zai ajiye zoɓo makonni? Abin da aka cika yau gobe an shanye. Ga mai cika kwalba goma sha biyu don baƙin suna, har yanzu ban ga dalilin sayen bawul mai allura ba. Kuma ku faɗi gaskiya, a psi 25 toshiyar nan tana tura hannu da ƙarfin kilo 4 ko 5. Cika kwalba ɗari a haka ka ji kafaɗarka.

Mai Walda: Wannan aikin minti talatin ne: a yi mata tsayayyen ƙarfe da hannu mai dannawa, irin na injin buga murfi. A kuma yanko bututun PVC mai inci 4 a zura kwalbar ciki lokacin cikawa, a sa tabarau, don kwalbar da ta taɓa tsagewa ba ta sallama kafin ta tarwatse. Batun gas kuma, kada a karɓi tukunyar walda mai haɗin argon, ba za ta ba lemo gas yadda ake so ba, a nemi CO2 na abinci. Tukunyar kashe gobara tana da bututu a ciki mai jawo ruwan gas daga gindi, zai daskarar da regileta. Tukunya a tsaye, a ɗaure, a inuwa, don da zafinta ya wuce digiri 31 matsin ciki hawa yake da sauri. A kuma sa bawul mai hana komowa a layin gas, kada zoɓo ya bi tiyo ya shiga regileta.

Injiniya: Ga mai amfani da gorar roba akwai sulhu tsakanin ɓangarorin biyu. Ana sayar da murfin sitenles mai zaren milimita 28 da bakin da ke karɓar tiyon tanki. A sa masa guntun tiyo ta ciki har gindi, a ɗaure a gora, a ba ta gas har ta yi tauri, a cire layin gas a sa na ruwa, sai a riƙa sassauta murfin kaɗan. Zaren murfin ya zama allura. Amma sai gorar lemo mai ƙafa biyar a gindi. Gorar ruwan sha ba a yi ta don matsi ba, kumbura za ta yi.

Malamin Kimiyya: A kuma tuna da abin da ke faruwa bayan an rufe. Lemon da ke da ninki 3.5 yana wajen psi 20 a digiri 4, amma a digiri 30 ya haura 60, a digiri 40 cikin but ɗin mota ya kusa 80. In kuma yis ɗin da ke yawo a iska ya samu sukari a ciki, zai ƙara gas a kan wannan, ya kuma fara haifar da barasa, abin da mai zoɓo ba ya so ko kaɗan. A tafasa, a wanke tanki da tiyo da na'urar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ajiye a sanyi. Mai sa sodiyam benzowet, sinadarin hana abin sha lalacewa, kada ya haɗa shi da bitamin C, zafi da haske na iya sa su samar da sinadarin benzin mai cutar da lafiya. Kunun aya kuwa a bar shi daga wannan harka baki ɗaya, ba shi da tsamin da zai kare shi a rufaffiyar kwalba marar iska.

Mai Gyaran Firji: Na yarda da gorar Injiniya, don ba ta da bawul ko ɗaya. Sauran kuma a gwada: tanki ɗaya, gora shida da dabarata, shida da na'urarku, su kwana a firji ɗaya, a girgiza, a auna matsin kowacce da murfi mai geji, wato agogon auna matsi.

Hajiya Mai Zoɓo: A yi gwajin da ƙarfe biyu na rana dai, ba da asuba ba, kuma a kashe janareta awa ɗaya kafin a fara.