Kamfanin kayan wasanni zai ɗauki nauyin nuninmu, amma sai mun sa takalmansa

Ɗan Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu shida ne muke shirya wani nuni na fasahar da ake yi da jiki a gaban masu kallo, a wani zauren baje kolin zane-zane da ke nan cikin gari. Ba wasan kwaikwayo ba ne, domin babu labari kuma babu magana. Za mu shimfiɗa yashi, mu kafa randa biyu, ɗaya cike ɗaya wayam, sannan mu riƙa ɗiban ruwa da ƙwarya muna miƙa wa juna, ƙafa ba takalmi, daga bayan la'asar har dab da magariba. Abin da muke so mutane su gani shi ne wahalar ruwa da iyayenmu mata da yara suke sha, tun daga labarin rijiyar Kusugu, inda aka ce sai ranar Juma'a ake samun ɗiba, har zuwa layin jarkoki na yau.

Wakilin wani kamfanin kayan wasanni ya ce za su biya kuɗin zaure da man janareta da ɗaukar bidiyo, bisa sharaɗin mu sa rigunansu da takalmansu yayin nunin. Kuɗin nan ba mu da shi, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina neman shawararku.

Malamar Fasaha, Daura:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya dame ka ya taɓa faruwa da waɗanda suka fi mu suna a wannan fanni. Marina Abramovic, 'yar Sabiya wadda ta shafe fiye da sa'o'i 700 a zaune tana duban masu kallo ɗaya bayan ɗaya a wani gidan fasaha na Amurka a 2010, ta haɗa gwiwa da Adidas a 2014, lokacin gasar cin kofin duniya ta Brazil. Ta sake tsara wani aiki da ta yi da abokin aikinta Ulay a 1978, aka sa mutum 11, daidai adadin 'yan ƙwallon ƙungiya guda, suna kwasar duwatsu daga wannan gefe zuwa wancan, sanye da takalman Samba na kamfanin. Ta sha suka daga masu cewa aikin ya koma talla.

A ganina matsalar tana cikin yanayin fasahar ne kanta. Mai zane yana iya rataye hotonsa a bango, a rubuta sunan wanda ya biya a bakin ƙofa, kuma hoton bai canja ba. Ku kuwa jikinku ne allon, duk abin da kuka ɗora masa ya shiga cikin maganar da kuke yi. Na tsaya a kan abu guda da ka faɗa, wato ƙafa ba takalmi. Yarinyar da take zuwa rijiya da sassafe, ƙafarta da kaushi, ruwa yana zuba mata a wuya daga bokitin da ke kan gammo, ita kuke son a tuna. Idan mai kallo ya ga sabon kambas fari fat yana taka jiƙaƙƙen yashi, abin da zai tafi da shi gida shi ne ingancin takalmin. Ku karɓi kuɗin idan sun yarda sunansu ya tsaya a jikin bango da takardar gayyata. In sun dage sai a jikinku, ni dai ban ba ku shawarar amincewa ba.

Dattijon Filin Samji:

Malama ta yi magana mai ma'ana, amma kada a sa yaran nan su ɗauka cewa mai kuɗi abokin gaba ne. Makaɗan fada da muke alfahari da su duk suna da iyayen gida, ana ba su riga da doki, su kuma suna ambaton wanda ya ba su, ba tare da kowa ya ce waƙarsu ta zube ba. Haka Puma ta ɗauki Kehinde Wiley, Ba'amurken da mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya zana 'yan ƙwallo Samuel Eto'o da John Mensah da Emmanuel Eboue gabanin gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, kuma wannan bai hana shi zana hoton Obama da aka ƙaddamar a 2018 ba. Jochen Zeitz, wanda ya daɗe yana shugabantar Puma, da tarin kayan fasaharsa aka buɗe katafaren gidan fasahar zamani ta Afirka a Kef Tawun a 2017. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗana. Ku zauna da wakilin nan, ku nuna masa gwajin aikin da idonsa kafin ku yanke hukunci.

Mai Kyamara, Sabuwar Unguwa:

Yaya, ni bidiyon ne ya fi tsaya mini a rai. Nuninku na yini ɗaya ne, wataƙila zaure ɗaya na mutane ne za su gani, amma bidiyon zai daɗe yana yawo a Instagram da TikTok. Idan su suka biya mai ɗauka, ba a kuma rubuta komai ba, suna iya yanke ɗan guntu inda ruwa ke fantsama, su ɗora kiɗa da tambarinsu, maganar Kusugu ta ɓace gaba ɗaya. A rubuta a takarda, da sa hannu da shaidu, cewa asalin bidiyon naku ne, ba za a yanka ko a yaɗa ba sai kun gani kun amince.

Ɗan Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun bi shawararka, mun gayyaci wakilin ya zo gwajin da za mu yi ranar Asabar a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu. Abin da muka daidaita a tsakaninmu shi ne, masu tarbar baƙi a ƙofa za su iya sa rigunan kamfanin, sunansa kuma zai fito a takardar gayyata, amma mu shida da za mu hau yashi za mu shiga da tsofaffin kayanmu, ƙafa ba takalmi. Maganar bidiyo ma mun sa ta cikin takardar da za mu miƙa masa. Idan bai yarda ba, mun fara lissafin abin da karo-karo zai iya haɗa mana, ko da za mu yi nunin da hasken rana ba tare da janareta ba.