Ɗan kwikwiyona ya mai da keji masai, uwargida ta ba ni mako guda

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kiwon kare tun yana ɗan kwikwiyo, don ni dai abin ya sha mini kai.

Gidana yana bayan gari ne, ta wajen Rigachikun a Kaduna. Sau biyu ana haura mini katanga, an kwance batiran sola, daga baya aka dawo aka ɗauke injin jan ruwa. Shi ne wani abokin aikina ya ba ni ɗan kwikwiyo, ruwa biyu ne, uwar Alsashiyan, uban irin namu na gida. Yanzu satinsa tara. Yara sun sa masa suna Damisa, alhali ko kaza ba ya iya kora.

Na sa mai walda ya ƙera keji ƙafa shida a huɗu, don kada in kashe kuɗi sau biyu idan ya girma. Sai Damisa ya raba shi da kansa: kusurwa ɗaya ta kwana, ɗaya ta kashi. Kafin gari ya waye ya tattake abin, ya shafe jikinsa. Ga kuka dare farai. Jiya bayan sallar Asuba maƙwabcina ya tare ni, bai ce komai ba sai, "Malam, baƙon naka bai saba ba ko?" Na ji kunya ƙwarai.

Da safe in na sake shi, sai ya zagaye gidan bai yi komai ba, sannan ya hau baranda ya tsula fitsari daidai inda uwargida take shimfiɗa tabarma. Mun wanke da Izal har hannu ya yi kanta, gobe nan zai koma. Na taɓa make shi da silifa, na tura hancinsa a ciki kamar yadda aka gaya mini. Abin da na samu shi ne yanzu ƙarƙashin mota yake shiga ya yi. Uwargida ta ce mako guda, ko ya gyaru ko a mai da shi inda ya fito. Ina kuskuren yake?

Mai Karnuka daga Jos:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Damisa ba shi da laifi, kejin ne ya yi masa yawa. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, wannan a jininsa yake, kuma da shi ake amfani wajen koya masa. Amma kai ka ba shi ciki da falo, dole ya ware banɗaki. Ba sai ka koma wurin mai walda ba. Samu falanki ka tare kejin, ka bar masa daidai inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Yana girma kana matsar da falankin.

To amma in ka matse wurin kuma ka bar shi daga Isha'i har Asuba, ka zalunce shi, kuma zai yi a inda yake kwance, daga nan ya daina ƙyamar abin, gyara ya ƙara wuya. Lissafin da masu kiwo ke bi: wata ɗaya, awa ɗaya. Ɗan wata biyu da rana ba ya riƙe fitsari fiye da awa biyu, in ya yi ƙoƙari uku. Da dare yakan ɗan ƙara saboda barci, amma sai ka tashi aƙalla sau ɗaya. Ni da na karɓi tawa ta ƙarshe a watan Disamba, cikin sanyin Jos, ƙarfe biyu na dare nake fita da hular sanyi da tocila, in tsaya ina karkarwa tana shinshine-shinshine. Wajen sati uku na yi haka, sai ta fara kaiwa Asuba da kanta.

Abin da ke faruwa da safe kuwa, murna ce take mantar da shi. Kada ka buɗe ƙofa ka bar shi ya ruga. Ɗauke shi cak, ko ka sa masa igiya, kai tsaye zuwa wuri guda da ka zaɓa, inda akwai ƙasa ko yashi, nesa da baranda. Ka tsaya shiru, ba wasa. Ka riƙa maimaita kalma ɗaya, ni "yi maza" nake cewa. Yana gamawa, a nan take, ka yabe shi ka ba shi ɗan guntun nama, ba sai kun dawo ba. In minti biyar ya wuce bai yi ba, mai da shi keji, bayan kwata ku sake fita. Sai ya yi sannan ya sami 'yancin zagaye gida. Haka za ka yi duk sanda ya tashi daga barci, da bayan wasa, da kamar minti goma zuwa ashirin bayan ya ci abinci. Abincin sau uku ko huɗu a rana, a kan lokaci, ka ɗauke kwanon in ya gama. Wanda ke ci kowane lokaci, kowane lokaci zai yi kashi.

Silifa ka ajiye ta. Bai fahimci cewa baranda ce matsalar ba, abin da ya gane shi ne yin fitsari a gabanka yana jawo duka. Shi ya sa ya koma ƙarƙashin mota. Kuma da kana wurin aiki wa ke fitar da shi? Wannan ba ka faɗa ba.

Jikan Mafarauci:

Ni fa abin nan na keji ban gane masa ba. Kakana ya yi kiwon karnukan farauta a ƙauyenmu, ba keji ba sarƙa, kuma ban taɓa ganin kashin kare a tsakar gida ba. Bola suke zuwa. Ƙananan suna bin manya su koya. Ka sake shi kawai Malam, zai nemi wuri da kansa.

Mai Karnuka daga Jos:

Gaskiyarka, amma kai ma ka faɗi dalilin: akwai manya da za su bi, akwai bola a bayan danga. Damisa shi kaɗai ne a gida mai katanga da siminti. Uwar da zai bi ita ce Baban Ummi.

Likitan Dabbobi:

Abin da Hajiya Mai Karnuka ta faɗa daidai ne. Zan ƙara ta ɓangarena. Kafin komai, an yi masa allura? Ta farko ana yi tsakanin sati shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai kamar sati 16, ta haukan kare kuma daga wata uku. Kafin a kammala, kada ƙafarsa ta taka wajen gida inda wasu karnuka ke kashi. Cutar fabo, mai sa kare amai da zawo, ta nan ake ɗauka, kuma ƙwayar tana daɗewa a ƙasa watanni. In ka ga amai, ya ƙi abinci, da zawo mai jini da wari, kada ka kwana da shi, ka kai shi asibitin dabbobi.

Ka duba kashin ma. In ruwa-ruwa ne, ko cikinsa ya yi tulu, wataƙila tsutsa ce, kuma mai tsutsa ba ya iya riƙewa ko da ka bi duk ƙa'ida. A shekarunsa duk sati biyu ake ba da maganin tsutsa har wata uku, gwargwadon nauyinsa.

Izal kuma yana ɓoye warin ne a hancinka, ba a nasa ba, kuma yana iya ƙona masa tafin ƙafa da baki in ya lasa bai bushe ba. Wanke barandar da omo da ruwa sosai, ka bi da ruwan kal da aka sirka, ka tare wurin na 'yan makonni. Batun kuka: jariri ne da aka raba da uwa. Matso da kejin kusa da tagar ɗakinka, ka rufe gefe uku da buhu, ka sa tsohon tsumma a ciki, ka riƙa ba shi abincinsa a can. In rufin kwano ne, ka tabbata yana inuwa kafin zafin Maris ya shigo.

Ɗalibi:

Baban Ummi, kada ka ga laifin uwargida. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma wurin nan tabarmar da yara ke zama ake shimfiɗawa. Batun ajiye shi don gadi kuwa, malamai kan kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da bangon gidansa ya faɗi ya ajiye kare. Da aka ce masa Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ka ware masa kwanonsa dai, da butar da ake wanke wurin.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau kwana biyar. Na tare kejin da murfin tsohuwar durowa, na zuba yashin da ya rage na gini a bayan tankin ruwa. Dare uku a jere kejin a bushe. Allura ashe ɗaya kawai aka yi masa, mun je an yi ta biyu, an ba shi maganin tsutsa, kuma abin da ya fito ba zan kwatanta a nan ba. Baranda sau ɗaya ya ɓata, shekaranjiya, ni na tsaya amsa waya bayan na buɗe masa.

Hajiya, tambayarki ta rana ita ce inda na maƙale. Ina fita bakwai, ba na dawowa sai huɗu. Ƙanena yana fitar da shi ƙarfe goma da sha biyu, amma ranar Litinin zai koma makaranta. Uwargida ta ƙara mini wata guda, sai dai ta ce ita igiyar nan ba za ta taɓa ba. Akwai wanda ya taɓa kewaye ɗan fili da waya a jikin keji, da yashi a ciki, don rana kawai? Ko hakan zai rusa abin da muka fara?